Tambaya Mabuɗin Ilimi: Wai da gaske a kan shayi Amurka ta ɓalle daga Ingila?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka taru min kusan duk hanya ɗaya suka bi, ina ga don watan Yuli ya kama ne, Amurkawa na ta bikinsu na 4 ga wata, shi ya sa kowa ya tuno da takardar nan tasu ta ayyana 'yancin kai ta 1776. Na zaɓo biyar, masu tambaya a kan rabon gado da rikicin iyakar gona ku ƙara haƙuri, ina sane da ku.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Funtuwa, jiya muna hira a teburin mai shayi wani abokinmu yace wai a kan harajin shayi Amurka ta yaƙi Ingila har ta ɓalle, muka yi ta dariya, shi kuma mai shayin yace ashe sana'arsa ta taɓa kada sarki. Wai da gaske ne ko zuƙi ta malle ce?

AMSA: Malam ka gaida min mai shayinku. Abokin naka bai yi ƙarya ba, sai dai daga tsakiyar allo ya faro karatun, bari mu wanke mu ɗauko daga sama.

Waɗannan mutanen da suka yi bore ba irinmu bane da Bature ya zo ya tarar a ƙasarmu ya ci mu da yaƙi, su kansu turawa ne, yawanci jikokin waɗanda suka taso daga Birtaniya suka tare a gaɓar gabashin Amurka, yankuna 13 tun daga New Hampshire a arewa har Jojiya a kudu. Kowane yanki da majalisarsa da maza masu abin hannu ke zaɓa, ita ke yanka musu haraji, kuma sun fi shekara ɗari a haka Landan ta sakar musu mara. Sai aka gwabza yaƙi da Faransa wanda ya ƙare a 1763, Ingila ta ci nasara ta ƙwace Kanada amma ta fito da bashi iya wuya, sama da fam miliyan 120, ga kuma sojoji wajen 10,000 da take son ta bari a can su yi gadi. Ministocin sarki suka ce toh tunda har da kare ku aka yi wannan ɗawainiya ku ma sai ku sa hannu a aljihu. In za a faɗi gaskiya ba maganar banza suka yi ba, don talakan Ingila harajin da yake biya ya ninka na ɗan Boston sau da yawa.

A 1765 aka kawo dokar da ni nake kira dokar kan sarki, ka san kan sarkin da muke mannawa a wasiƙa da rasit, to kusan haka ne, duk takardar kotu, takardar cinikin fili, lasisi, jarida, har kartar da ake bugawa sai da hatimin da aka biya wa kuɗi. Abun da suka manta shi ne waɗanda dokar ta fi taka wa ƙafa lauyoyi ne da masu buga jarida da manyan 'yan kasuwa, wato masu baki da masu alƙalami. A Boston mutane suka haɗa mutum-mutumin jami'in da aka naɗa ya raba hatimin suka rataye a bishiya, da dare suka farfasa masa gida, washegari bawan Allah yace ya haƙura da aikin. A 1766 aka soke dokar, amma a rana guda majalisar Birtaniya ta fitar da wata dokar tana cewa tana da ikon yi musu doka a kan komai da komai. Ka ga an cire ƙaya an bar tsininta a ƙafa.

Maganarsu guda ce, ba mu da wakili ko ɗaya a majalisar Landan, don haka ba ta da hurumin taɓa mana aljihu. Landan tace ai mutanen Manchester da Birmingham ma ba su da ɗan majalisa a lokacin kuma suna biya, kowane ɗan majalisa wakilin kowa ne. Su kuma suka ce shi ɗan majalisar in ya ɗora wa Manchester haraji shi ma zai ji a jikinsa, mu kuwa da teku a tsakani duk abun da ya ɗora mana sauƙi ne gare shi.

1767 aka sake dawowa ta bayan gida, aka sa kuɗin fito a kan gilashi, fenti, dalma, takarda da ganyen shayi. Suka ƙaurace wa kayan Ingila, mata suka koma kaɗi da saƙa a gida, jami'in kwastan da ya faɗa hannun 'yan zanga-zanga kuwa wani sa'in kwalta ake shafa masa a bi da gashin kaji a zagaya da shi gari. Aka turo soja Boston, ranar 5 ga Maris 1770 suka buɗe wuta a kan taron da ke jifansu da ƙanƙara, mutum biyar suka mutu, cikinsu har da Crispus Attucks, baƙar fata mai aikin jirgin ruwa. Abun mamaki lauyan da ya tsaya wa sojojin a kotu John Adams ne, wanda daga baya ya zama jigon masu neman 'yanci, kuma shida daga cikin takwas aka wanke su.

Toh yanzu mu zo kan shayin. An soke duk waɗancan kuɗin fiton aka bar na shayi kaɗai, kwabo uku a kan kowace laba, taro kenan a lissafin iyayenmu, kuma da gangan aka bar shi don a nuna har yanzu akwai mai gida. A 1773 kamfanin Ingila mai cinikin Indiya ya kusa durƙushewa ga shayi jibge a sito, sai aka ba shi damar kai wa Amurka kai tsaye, wanda hakan ya sa shayin ya yi ARAHA, har yana gogayya da na fasa-ƙwaurin da ake shigowa da shi daga Holan. Ka ji fa, araha ya yi. Amma suka ce in muka sha mun amince da harajin kwabo ukun nan kenan, su kuma 'yan fasa-ƙwauri da dillalan gari da za a karya wa kasuwa ba sai na faɗa maka ɓangaren da suka bi ba. Daren 16 ga Disamba 1773 wasu suka yi shigar 'yan asalin ƙasar suka hau jirage uku a tashar Boston suka farfasa akwati 342 suka zubar a ruwa.

Hukuncin da ya biyo baya a 1774 shi ya haɗa kan yankunan fiye da shayin kansa, an rufe tashar Boston sai an biya, an karɓe ikon majalisar Massachusetts, yankin da Boston take ciki, an takaita taron gari, an ce jami'in sarki in ya yi kisa ana iya ɗauke shari'arsa a kai wani wuri har Ingila. Sauran yankunan suka ga in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. 19 ga Afrilu 1775 aka fara harbi a Lexington da Concord, kuma ko bayan nan sai da suka aika wa Sarki George na uku takardar neman sulhu, ya ƙi ko karɓa, ya ayyana su 'yan tawaye, ya ɗauko sojojin haya daga Jamus.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗaliba ce a Zariya ajin biyu a jami'a, an ba mu jinga a kan falsafar mulkin da ke cikin takardar, na karanta ta sau uku wallahi turancin ya min tsauri, dan Allah a warware min da Hausa yadda zan gane.

AMSA: Ƙanwata kar ki damu, turancin shekara ɗari biyu da hamsin ne, su ma masu harshen sai sun yi a hankali. Dabarar da zan ba ki, ki karanta ta kamar takardar shigar da ƙara. Akwai mai ƙara, akwai wanda ake ƙara wato sarki, akwai dokar da aka ce ya karya, akwai jerin laifuka, sannan akwai buƙata a ƙarshe. Alƙalin kuma duniya ce, da bakinsu suka ce mutunta ra'ayin 'yan Adam ne ya sa suke bayyana dalilansu, amma ni da ke mun san kunnen da aka fi so ya ji na Faransa ne, don babu sarkin da zai ba 'yan tawaye bindiga da bashi a fili sai sun zama ƙasa. Kuma haka aka yi, a 1778 Faransa ta ƙulla ƙawance da su.

Dokar da suka kafa hujja da ita ba ta fi layi kaɗan ba. Suka ce dukkan mutane daidai aka halicce su, kuma Mahaliccinsu ya ba su haƙƙoƙin da ba a ƙwacewa ba a sayarwa, daga ciki akwai rai, da 'yanci, da neman jin daɗin rayuwa. Don tsare waɗannan haƙƙoƙin ne ake kafa hukuma, kuma halascin ikonta daga yardar waɗanda take mulka yake fitowa. In ta koma tana rusa abun da aka kafa ta don ta tsare, jama'a na da haƙƙin gyara ta ko su kawar da ita su kafa wata. Yau wannan magana ko ɗan sakandare zai faɗa miki ita, amma a lokacin yawancin sarakunan Turai cewa suke Allah ne ya ɗora su kuma ba wanda zai tambaye su ba'asi sai Shi. Takardar ta juya ƙwaryar ne, haƙƙi ya riga hukuma zuwa, hukuma 'yar aike ce.

In malaminku ya tambayi asalin tunanin, ki ambaci John Locke, Baturen Ingila da ya fitar da littafinsa kan mulki a 1689. Shi ya ce mulki amana ce da jama'a suka damƙa, wanda ya ci amanar ya sauke kansa da kansa, kuma shi rai da 'yanci da dukiya ya lissafa. Thomas Jefferson da ya rubuta daftarin bai yi da'awar ya zo da sabon abu ba, a tsufansa ya rubuta cewa abun da ke zukatan Amurkawa ya zuba a takarda. Makonni kaɗan kafin nan ma George Mason ya rubuta wa Virginia makamancin wannan, ga kuma ɗan littafin Thomas Paine na Janairun 1776 da ya yi wa sarauta ta gado kaca-kaca da harshen da ko ɗan dako zai gane, wanda a ganina ya fi duk manyan littattafan tasiri wajen cire wa talakawa kunyar zagin sarki.

Wurin da ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma nan ne maki yake, shi ne sharaɗin da suka gindaya. Suka ce hankali ba zai yarda a rushe daɗaɗɗiyar hukuma a kan ƙaramin dalili mai wucewa ba, mutane sun fi son su jure muddin abun na jurewa ne, sai in zalunci ya yi jerin gwano duk yana nufar wuri guda, ya nuna da niyya ake yi. Wannan sharaɗin ne ya tilasta musu kawo jerin laifuka, ana ƙirga su 27, kuma su suka cinye wajen rabin takardar. Ya ƙi sa hannu a dokokinmu, ya rusa majalisunmu, ya sa alƙalai sun zama sai yadda ya yi da su don kujerarsu da albashinsu na hannunsa, ya turo mana tarin jami'ai suna cinye mana guzuri, ya girke soja a cikinmu ba yaƙi ba komai, an yanke mana ciniki da duniya, an ɗora mana haraji ba da yardarmu ba, an hana mu shari'a a gaban 'yan uwanmu mutanen gari, ya ƙona mana garuruwa. Ki lura harajin da ake ta kururuwa layi ɗaya ne tak a can tsakiya.

Ki kuma lura da wata dabarar lauyoyi, kusan duk laifin “ya yi, ya yi, ya yi” ne, sarki kaɗai ake nunawa da yatsa, majalisar da ta yi dokokin ko sunanta ba a kama ba. Dalili, sun riga sun ce majalisar ba ta taɓa zama uwar gijiyarsu ba, igiya ɗaya ce ta ɗaure su da Ingila wato mubaya'ar sarki, to ita za a tsinka. Kuma salon ma daga gidan Ingilan suka aro shi, don a 1689 haka majalisar Ingila ta jera laifukan Sarki James na biyu bayan an kore shi. Af, tunda a Zariya kike, ki leƙa Kitabul Farƙ na Shehu Usmanu, za ki ga shi ma ya jera abubuwan da yake tuhumar sarakunan Haɓe da su, jangali, kuɗin gari, gaisuwa da sauransu, sai dai ma'auninsa shari'a ce, nasu kuwa yardar jama'a, kar ki cakuɗa su a jingar.

Mutum biyar aka naɗa su shirya takardar, Jefferson, Adams, Benjamin Franklin, Roger Sherman da Robert Livingston, aka bar wa Jefferson alƙalami yana ɗan shekara 33. Da aka kawo gaban babban taron yankunan a Filadelfiya wakilai suka yi ta yanka, wajen kashi ɗaya cikin huɗu suka zubar, yana zaune yana cizon yatsa. Franklin da ya ga haka sai ya ba shi labarin wani mai ɗinkin hula da ya rubuta allon shago mai ɗauke da sunansa da sana'arsa da cewa yana yin hula yana sayarwa kuɗi hannu, ga zanen hula a gefe, ya nuna wa abokai, wannan ya ce cire kaza, wancan ya ce wa zai zaci kyauta kake bayarwa cire “sayarwa”, har aka bar masa sunansa da zanen hular kawai. Duk wanda edita ya taɓa bi ta kansa ya san zafin, ni kam na sani.

In kina son ki burge malamin ki ƙara da wannan, a 1794 manoman yammacin Pennsylvania suka yi bore a kan harajin barasa da sabuwar gwamnatin ta sa, George Washington yana shugaban ƙasa ya tara dakaru wajen 13,000 ya nufe su. Wanzami dai ba ya son jarfa. Har gobe kuma mazauna birnin Washington na biyan harajin tarayya ba su da wakili mai ƙuri'a a majalisa, a jikin lambar motarsu ma suke rubuta ƙorafin.

TAMBAYA: Malam ni fa wannan takarda ban ɗauke ta a bakin komai ba, mutanen da suke da bayi 'yan uwanmu baƙaƙe a gonakinsu su ne za su ce kowa daidai yake? Wannan ai munafurci ne tsagwaronsa, ku daina wanke su. Daga wani ɗan uwanku a Zangon Kumasi.

AMSA: Ɗan uwa ni ba sabulu gare ni ba balle in wanke wani, kuma bari ma in ƙara maka harsashi. A 1776 mutanen yankunan wajen miliyan biyu da rabi ne, kusan rabin miliyan bayi ne. Jefferson a tsawon rayuwarsa ya mallaki bayi sama da 600, kuma a ɗakin hayar da ya zauna ya rubuta cewa kowa daidai aka halicce shi, yaron da ke masa hidima bawansa ne, Robert Hemings, ɗan shekara 14. Bayan ya mutu aka yi gwanjon bayi 130 don a biya bashinsa. Ba kai ka fara ganin abun ba, tun 1775 marubucin Ingila Samuel Johnson ya tambaya ya aka yi masu kora bayi da bulala suka fi kowa ihun neman 'yanci. Laifi tudu ne.

A daftarin farko akwai dogon sakin layi da Jefferson ya la'anci cinikin bayi, amma sarki ya ɗora wa laifin, sai kace sarki ne ya kama hannunsu ya sa su saya. Wakilai suka goge shi, shi da kansa yace don a faranta wa Karolina ta Kudu da Jojiya ne, kuma 'yan arewa masu jiragen dakon bayi su ma jikinsu ya yi sanyi. Abun da aka bari shi ne laifi na ƙarshe a jerin, wai sarki na zuga tawaye a cikin gidajenmu. Ka san me ake nufi? A Nuwamban 1775 gwamnan sarki a Virginia, Lord Dunmore, ya yi shelar duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya shiga rundunar sarki ya 'yantu. Wato a cikin takardar 'yanci ana ƙarar sarki don ya yi wa bayi tayin 'yanci. A layin nan kuma aka kira 'yan asalin ƙasar marasa imani, alhali ɗaya daga cikin abubuwan da suka ɓata wa manyansu rai shi ne dokar 1763 da ta hana su tsallaka duwatsun yamma su mamaye filayen waɗannan mutanen, shi kansa Washington yana da ido a kan filayen.

Dubban bayi sun amsa kiran Ingila. Da aka gama yaƙi a 1783 wajen 3,000 aka kwashe daga New York zuwa Nova Scotia a Kanada, sanyi da wulaƙanci suka ishe su, a 1792 wajen 1,200 suka hau jirgi zuwa Saliyo, su suka kafa Freetown. Cikinsu akwai Harry Washington wanda daga gonar George Washington ya tsere.

Inda zan rabu da kai shi ne cewa ba ta a bakin komai. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, kuma waɗanda aka rufe wa ƙofa su suka fi riƙe ta. A 1781 wata baiwa a Massachusetts, wadda daga baya ta ɗauki sunan Elizabeth Freeman, ta ji ana karanta tsarin mulkin jihar mai cewa kowa ɗa aka haife shi, ta nemi lauya ta kai ubangidanta kotu kuma ta ci. A 1848 mata suka taru a Seneca Falls suka kwafi takardar suka ƙara “da mata” a layin daidaiton. A 1852 Frederick Douglass, wanda shi ma tsohon bawa ne, ya tsaya gaban turawa ya tambaye su mece ce 4 ga Yuli a wurin bawa. A 1963 Martin Luther King yace ceki ne aka rubuta wa baƙar fata, suka kai banki aka dawo da shi wai ba kuɗi a asusu. Duk cikinsu ba wanda yace a yaga takardar, cewa suka yi a biya. Bautar dai sai 1865 aka haramta ta, bayan yaƙin basasar da ya ci rai sama da 600,000.

TAMBAYA: Malam wai ranar 4 ga Yuli aka sa hannu? Mun yi musu da mijina har da caca ta lemo. Daga Maraɗi.

AMSA: Hajiya ba ki faɗa min ɓangaren da kika tsaya ba, kar in raba aure. Ranar 2 ga Yuli aka kaɗa ƙuri'ar ɓallewa, yankuna 12 suka amince New York ta ƙaurace sai daga baya ta bi, har John Adams ya rubuta wa matarsa cewa 2 ga wata ce za a riƙa biki. Ranar 4 aka amince da kalmomin takardar aka kai wa mai ɗab'i a daren. Sa hannu kuwa yawanci 2 ga Agusta aka yi, mutum 56 gaba ɗaya. Wanda yace ba ranar 4 ba shi ke shan lemo.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne a Kano, ina yaro aka ba mu tuta da shinkafa a makaranta ranar samun mulkin kai. Jikana ne ke rubuta min. Me ya sa mu ba mu rubuta wa Sarauniya irin wannan takardar laifuka ba a 1960, ko ba ta yi mana laifi bane?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikan. Laifi kam an yi, ai ku kuka ga haraji da jangali da aikin tilas da idonku. Bambancin shi ne su ƙwata suka yi, mu kuwa a teburi aka miƙo mana. Wanda ya fasa ƙofa ya fita shi ke buƙatar yi wa maƙwabta bayani, wanda aka rako har zaure sai godiya da musabaha. Namu ya bi ta majalisa ne, a 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba da mulkin kai a 1956, Sardauna yace a mayar da shi sai lokacin da ya dace, abun da ya jawo hatsaniyar da aka yi nan Kano a watan Mayun shekarar, sannan aka yi ta zaman tsarin mulki a Landan da Legas. A ƙarshe majalisar Birtaniya ce ta yi dokar da ta ba Najeriya 'yanci, Gimbiya Alexandra ta miƙa wa Abubakar Tafawa Balewa takardun ranar 1 ga Oktoba 1960, kuma Sarauniyar ta ci gaba da zama shugabar ƙasa a takarda har 1963. In ana neman takardar ƙorafi mai zafi a wajenmu sai dai a duba sanarwar Sawaba ta NEPU ta 1950, ita kuma ta fi auna masu mulkin En'e ne da yadda suke yi wa talakawa.

Waɗanda suka ari kalmomin Amurkawan kai tsaye suna nan. Laberiya ta yi a 1847. Ho Chi Minh ranar 2 ga Satumba 1945 a Hanoi da layin nan na daidaito ya buɗe jawabinsa na 'yancin Biyetnam, bayan shekara ashirin jiragen Amurka na ruwan bama-bamai a ƙasarsa. Sai kuma wanda nasan Baba zai tuna daga rediyo, Ian Smith na Rodeshiya, ƙasar da yanzu take Zimbabwe. Birtaniya tace ba za ta ba su 'yanci ba sai an shirya miƙa mulki ga baƙaƙe masu rinjaye, shi kuma ranar 11 ga Nuwamba 1965 ya ayyana 'yancin turawa tsiraru da takardar da aka ɗinka a kan ta 1776, farkonta kusan kalma da kalma. Amma da aka zo layin da yace dukkan mutane daidai aka halicce su sai suka tsallake, layin yardar waɗanda ake mulka shi ma suka tsallake, sannan suka rufe takardar da addu'ar Allah ya ja zamanin Sarauniya. Ba ƙasa ko ɗaya da ta amince da su a hukumance har aka sauke tutarsu.